Gardamar Tsoho Tong

Lanying na tsaye a bakin ƙofa da kwanon romon kaza a hannu lokacin da Tsoho Tong ya yi jifa da takalmin. Ɗansa ya nufa, amma bai same shi ba. Takalmin ya bugi gefen firji ya faɗo kusa da ƙafarta, shi kuma tsohon ya koma ya zube kan matashi yana haki, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙera.

"Miliyan talatin," in ji shi, bayan numfashi ya dawo masa. "Kai ka ƙirga su? A lokacin kana ina?"

Ɗan nasa, Jianshe, mai sayar da tayoyin mota a Hefei, wanda shi ma furfura ta fara cin gefen kansa, ya ce ba shi ya ƙirga ba, masana ne suka ƙirga, har da na cikin ƙasar nan, wasu ma sun ce abin ya zarce haka. Ya ce shi bai zo gardama ba. Abin da ya roƙa kawai a sauke hoton Shugaba Mao daga saman gado na ɗan lokaci, don ƙusar ce kaɗai a bangon, kuma nas ta ce gobe za ta zo da jakar ƙarin ruwa, tana buƙatar wurin ratayewa. Daga maganar ƙusa aka koma maganar hoto, daga hoto aka koma maganar yunwar da aka yi a zamanin Shugaban, da yawan mutanen da ta kashe.

Lanying ta ajiye kwanon a kan tebur, ta ɗauki takalmin ta jera shi kusa da ɗan'uwansa. Ta ce wa Jianshe ya sauka ya sayo mata albasa. Ya kalli kwandon albasar da ke ƙarƙashin teburin, ya kalle ta, ya ɗauki rigarsa ya fita.

"Ka ga abin da ka jawo wa kanka," ta ce. "Buɗe baki."

"Matar yaya, yaron nan waya ce ta haife shi, ba ni ba."

"Buɗe baki, na ce."

Ya buɗe. Kafin la'asar ta ɗauko sandar rataya riguna daga ɗakinta ta kafa a gefen gadon, maganar ƙusa ta mutu.

Ƙofarta da tasa suna kallon juna ne a hawa na uku na gidajen ma'aikatan tsohuwar masana'antar gilashi ta Bengbu. Mijinta, marigayi Shi, a bakin tanderu ɗaya suka yi aiki da Tong har ƙarfinsu ya ƙare, shi ya sa Tong bai taɓa kiranta da wani suna ba sai matar yaya. Masana'antar ta rufe, Shi ya rasu, matar Tong ta bi bayansa, 'ya'ya suka watse birane. Aka bar tsofaffi biyu da baranda ɗaya, da tulun kabejin gishiri a tsakanin ƙofofinsu, da gardamar da ta girmi Jianshe.

A wani cin abincin sabuwar shekara ta samo asali, tun Lanying na amarya. Tong ya ɗaga kofi ya ce a sha don Shugaba, kowa ya ɗaga nasa, ita ta ajiye nata. Ba ta ce komai ba, don a lokacin ba a cewa. Sai da shekaru suka ja, bakin mutane ya ɗan saki, sannan ya tambaye ta dalili, ta faɗa masa, shi ma ya faɗa mata nasa. Tun daga nan ba su daina ba.

Nasa bai taɓa canzawa ba. Ubansa ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Duk shekarar da kogin Huai ya cika ya ɓalle, sai su ɗauki tabarma su bi hanya suna neman abin sa wa a baki, kuma a irin wannan tafiya aka sayar da yayarsa, tun bai yi wayo ba. Wa ya ba su gona? Wa ya gina madatsun da suka kama kogin? Wa ya zaunar da ɗan mabaraci a aji, ya ba shi aiki da ɗaki da likita kyauta? An yi shekaru uku masu wuya, bai musa ba. Amma fari ne da ambaliya, da ƙananan jami'ai maƙaryata da suka riƙa kai rahoton girbin da ba a yi ba. Miliyoyin da ake ambata kuwa, a cewarsa, waɗanda ba su son ƙasar nan da alheri ne suka zauna a ofis suka tara su.

Ita kuwa takan ce ba ta san miliyan ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ta ga shekarar da dankali ya ruɓe a gona saboda an kwashe maza zuwa narka ƙarfe. Ta ga an shigo an ɗauke kaskonsu, da sarƙar ƙofa, da almakashin maƙwabciya, an jefa a wuta, abin da ya fito baƙin dunƙule ne da ko fartanya ba a ƙera da shi ba. Ta sha kunun gidan cin abinci na gama-gari, wanda mutum ke ganin fuskarsa a cikinsa. Ta ci ɓawon itace. Ta san yadda ƙauye yake yin shiru idan babu kare, babu kaza, babu yaron da ke da ƙarfin kuka. Kuma a shekarar farko, ta ce, ruwan sama ya sauka daidai, kada wani ya ɗora wa sama laifi.

Sannan akwai Sui.

Sui ƙanwarta ce, tana da shekara uku a lokacin, ita Lanying tana da goma. Bayan ubansu ya mutu, uwarsu ta ji ana raɗe-raɗin cewa a Shanghai akwai abinci, kuma idan aka tsinci yaro a can hukuma kan ciyar da shi. Ranar da za su tafi, uwar ta sa Lanying ta riƙe kan yarinyar a cinyarta, ta ɗauki tsinin fasasshen kwano ta tsaga mata gefen kunnen hagu, don in duniya ta gyaru a gane ta. Ta goya ta suka tafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ita kaɗai, ta ce ta zaunar da ita a ƙofar wani shagon abinci, ta ce mata ta jira, tana zuwa. Uwar ba ta kai bazara ba. Daga baya aka ji cewa irin waɗannan yara sun yi wa birnin yawa, an zuba su a jiragen ƙasa an raba su ga iyalai a arewa.

Duk lokacin da gardama ta kai ga lissafi, Lanying takan tambaye shi a wane layi za a rubuta Sui, na matattu ko na masu rai. A nan kaɗai Tsoho Tong kan bar gardamar ya shiga neman tabarsa.

Abin da mutanen gidan suka kasa ganewa shi ne, wannan Tong ɗin shi ne ya fara kawo mata labarin taron da ake yi duk bazara a Wuxi, inda yaran nan, waɗanda yanzu sun zama kakanni, kan zo daga arewa neman danginsu. Shi ya rubuta mata allon kwali na cigiyar Sui da kyakkyawan rubutunsa. Bayan rasuwar mijinta, Tong ne yake raka ta kowace shekara, ya riƙe jakar dafaffen ƙwai, ya tsaya a bayanta yini guda tana leƙen kunnuwan mata. A jirgin ƙasa kuma, zuwa da dawowa, yana nuna mata gadoji da masana'antu ta taga yana tambayarta wa ya aza harsashinsu. Takan ce masa ya ci ƙwai ya rufe mata baki.

A wannan bazarar zuciyarsa ta gaza. Likita ya ce a mai da shi gida, ya ci abin da yake so. Jianshe ya rufe shago ya dawo, yana kwana a kujerar falo, uba da ɗa suna zaman doya da manja. Lanying ke dafa musu abinci, ita ke raba su.

Wata rana da hantsi, Jianshe ya tafi karɓo magani, Lanying na gasa wa tsohon ƙafafu da tawul mai ɗumi. Ƙafafun sun cika sun yi sheƙi, yatsun sun rabu da juna kamar ba nasa ba. Ƙarar 'yan dara na tasowa daga tsakar gidan, inda kujerarsa ta daɗe babu kowa a kai.

"Matar yaya, duba nan."

Ya miƙa hannu da ƙyar ya danna babban yatsansa a ƙwaurinsa. Da ya ɗaga, ramin ya tsaya yadda yake, bai ciko ba.

"Haka na tarar da ƙafar innata," ya ce.

Ba ta ɗago ba. Ta san uwarsa ta mutu a shekarun nan na yunwa. Ciwon kumburi ne, haka yake faɗa kullum, kuma kullum takan bar shi a haka.

Ya ba ta labarin yana kallon rufi. A hunturu na biyu ya sami hutu daga masana'anta, ya tafi ƙauye da ɗan garin alkama da ya tara daga rabonsa. Ya tarar da uwar zaune a bakin ƙofa, fuskarta ta cika, kumatunta na ƙyalli. Sai murna ta kama shi. Ya ce mata, Inna, kin yi ƙiba, ashe ƙarya ake yi mana a birni. Ta yi dariya ta ce haka ne. Ta tashi a hankali ta dama garin da ya kawo, ta tura masa kwanon ta ce ya sha, ya yi tafiya mai nisa, ita ta riga ta ci. Ya sha. Yana da shekara goma sha tara, yunwar hanya na cinsa, ya shanye har ya suɗe kwanon. Da dare da za ta kwanta ya ga shatin igiyar takalmi ya nutse a ƙafarta bai tashi ba, bai kawo komai a ransa ba. Bai daɗe da komawa aiki ba saƙo ya iso.

"Ciwo aka ce min," ya ce. "Ni ma ciwo na ce."

Shekara da shekaru Lanying na ɗauke da amsar wannan magana a bakinta, ta wasa ta, ta adana ta don ranar da zai kawo kansa nan. Ga ranar ta zo. Ta nemi amsar ta rasa inda ta shiga. Abin da ta gani kawai tsohuwar da ba ta taɓa sani ba, zaune a bakin ƙofa tana dariya don ɗanta ya ci abinci. Ta tsoma tawul ɗin a ruwa ta matse, ta tambaye shi ko ya yi zafi da yawa.

Ya ce daidai ne. Can ya juyo da kai.

"Amma madatsar tana nan."

"Tana nan."

"Kuma na iya karatu."

"Ka iya, har ya yi maka yawa."

Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Ta ɗago shi ta bubbuga masa baya har ya lafa.

Taron Wuxi ya faɗo a ƙarshen wannan makon. Lanying ba ta ambace shi ba, ta ɗauka ya manta. Ana gobe taron ya tambaye ta ko ta sayi tikiti. Ta ce bana ba za ta je ba, ƙafarta na ciwo, kuma in ta tafi wa zai hana su cinye juna shi da ɗansa. Ya ce ƙarya take yi, jiya ya ji ta hau benen nan da buhun shinkafa. Ta ce taro ba ya ƙarewa, akwai na baɗi. Ya ture cokalin da ta miƙo masa, ya ce in ba ta je ba shi ma ya gama cin abinci, ta sani kuma ba ya faɗa ya fasa.

"Sui ma ta tsufa, matar yaya," ya ce. "Kina tsammanin kowace shekara za ta iya zuwa?"

Ta ajiye cokalin ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado. Ta san abin da idonta ya gani a fuskarsa tun safe, hancin ya tsaya, kunnuwan sun yi fari. Ta ga irin wannan fuska tun tana ƙarama, ba sau ɗaya ba. In ta tafi, da wuya ta dawo ta same shi. In ta zauna kuma, zai mutu yana fushi, da cikinsa wayam. Ta janyo allon kwalin daga bayan kabad ta goge masa ƙura. Jianshe ya saya mata tikitin ta waya.

Da safe ta leƙa ta ce masa ta tafi. Ya ce kada ta manta da ƙwai, kuma in ta wuce babbar gada ta duba da kyau. Ta ce ta ji.

A zauren wata makaranta aka yi taron. Mutanen sun ragu a kan na bara, waɗanda suka zo ma da yawa jikoki ne ke riƙe da su. Ta sami wuri kusa da taga ta ɗaga allonta. Mata na wucewa, dogaye, masu kumatun da iskar arewa ta ƙone, suna magana da harshe mai nauyi. Kowa na karanta allon kowa, kowa na kallon fuskar kowa kamar mai neman canji a kasuwa. Sau biyu ta juya za ta miƙa wa na bayanta jaka ya riƙe, ta tarar bango ne.

Bayan azahar wata mata ta tsaya a gabanta, gajera, mai ɗan kwali shuɗi. Ta karanta allon a hankali, leɓɓanta na motsi. Sai ta ɗaga hannu ta janye ɗan kwalin. Akwai tsaga a kunnenta, tsohuwa, ta warke ta yi fari. Lanying ta matso kusa. Ta dafa taga ta sake dubawa. Kunnen dama ne.

Matar ta tambaye ta ko mai yiwuwa ne ta manta, abin ya daɗe, kuma yaro kan rikita hagu da dama. Lanying ta so ƙwarai ta ce mai yiwuwa ne. Amma ita ta riƙe kan, ta san kumatun da ya kwanta a cinyarta, ta san inda jinin ya gangara. Ta girgiza kai. Matar ta mai da ɗan kwalinta ta ɗaure, amma ba ta tafi ba. Suka zauna a benci ɗaya, Lanying ta ɓare ƙwai biyu ta ba ta ɗaya. Matar ta ce ita dai abin da take tunawa ƙamshin wani abinci ne da bayan wata mata yana nisa. Ta ce waɗanda suka riƙe ta sun yi mata kirki, ta sha madara har ta ƙoshi, tana da jikoki huɗu. Lanying ta sa ta sake faɗin maganar madarar. Da za su rabu suka riƙe hannun juna, kowacce ta kira ɗaya 'yar'uwa.

Jirgin dawowa bai daɗe da tashi ba wayarta ta yi ƙara. Ta ga sunan Jianshe ta bar ta ta yi ta yi, kafin ta ɗauka. Ya faɗi abin da zai faɗa, ta ce to, tana hanya. Kujerar gefenta wani saurayi ne ke barci a kai. Da suka hau babbar gada ta duba ta taga da kyau, har ta ƙare.

Dare ya yi kafin ta iso. An riga an tafi da gawar. Ƙofarsa a buɗe, an naɗe katifa, maƙwabta sun zo sun koma. Jianshe na zaune a kujerar falo, hannayensa tsakanin gwiwoyi. Ya miƙe ya karɓi allon daga hannunta, ya kalli fuskarta, bai tambaye ta komai ba.

Ya ce tsohon ya sha kunun shinkafa da safe, cokali kaɗan. Ya yi barci. Wajen la'asar ya farka, idonsa tar, ya tambaya ko matar yaya ta kira. Jianshe ya ce masa a'a. Ya sake tambaya, ya sake tambaya, numfashin yana yanke masa maganar.

"Gwaggo, na yi masa ƙarya," in ji Jianshe. "Na ɗauki waya na fita baranda, na dawo na ce masa kin kira, kin same ta. Na ce har da tsagar a kunne."

Lanying ta zauna a hannun kujerar. Ta tambaye shi me ya ce.

Jianshe ya goge hancinsa da bayan hannu. Ya ce uban ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kamo rigarsa ya jawo shi kusa, shi kuma ya sunkuya yana zaton wasiyya ce.

"Cewa ya yi, 'To, a cire ɗaya daga lissafin naka.'"

Dariya ce ta fara kuɓuce wa Lanying, ta rufe baki da hannu. Jianshe ma ya yi. Daga nan kuma ba wanda ya san lokacin da abin ya juya, sai ga mutum mai furfura ya kifa kai a kafaɗarta yana kuka kamar ranar da aka fara kai shi makaranta, ita kuma tana bubbuga bayansa tana cewa ya isa, ya isa, ka kyauta.

Ranar bakwai, da magariba, suka sauka zuwa mararrabar da ke gaban tsohuwar ƙofar masana'anta don ƙona wa mamaci takarda bisa al'ada, kowane mamaci da da'irarsa. Jianshe ya durƙusa ya zana da'ira da alli a kan kwalta, ya bar mata ƙofa ta wajen ƙauyen ubansa. Ya ɗan yi jim, ya zana wata a gefenta, ya ce ta kakarsa ce, wadda bai taɓa gani ba. Ya miƙa wa Lanying allin. Ta zana ta mijinta, ta zana ta ubanta da ta uwarta. Suka rarraba takardun suka kunna. Wutar ta kama ɗaya bayan ɗaya, masu kekuna na kaucewa suna wucewa.

Jianshe ya ga har yanzu allin na hannunta, ga kuma sauran wuri a gefen da'irar uwarta, wanda zai ishi ta Sui. Ya tambaye ta a hankali ko saura wani.

"Babu," ta ce.

Ta sa allin a aljihun rigarta. Ta ɗauki ɗan kara tana juya takardun don su ci sosai, ta tsaya a durƙushe a wurin har jan wutar ya dushe, toka ta kwanta a cikin da'irori biyar.